Kazan: kasuwa ce ga irinmu, ko ziyara kawai za a je?

Alhaji na Dawanau:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Sana'ata riɗi da zoɓo da busasshiyar citta, shekara 19 ke nan ina Dawanau. Kayana duk ta hannun masu fitarwa na Legas suke bi, riɗi ya nufi Turkiyya ko Sin, zoɓo ya nufi Meziko, ni dai abin da aka ba ni a bakin sito shi ne nawa. Tun bara wani abokin cinikina yake damuna da maganar birnin Kazan na ƙasar Rasha. Ya ce garin Musulmi ne, duk watan Mayu ana babban taron kasuwanci tsakanin Rasha da ƙasashen Musulmi, akwai baje kolin kayan halal, kuma yanzu da Turawan Yamma suka juya musu baya saboda yaƙin Rasha da Yukren, ƙofa a buɗe take ga ɗan Afirka. Kuɗin tafiyar ba kaɗan ba ne. Kafin in taɓa jarina ina so in ji daga bakin wanda ya san garin: akwai kasuwa ta gaske, ko dai daɗin baki ne?

Sabon Zamani:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka ɗaura ɗamara kawai! A Kazan ɗin nan aka yi taron ƙolin BRICS, ƙungiyar su Rasha da Sin da Indiya da Birazil da Afirka ta Kudu, daga 22 zuwa 24 ga Oktoba 2024, shugaban Sin da firaministan Indiya da shugaban Turkiyya duk sun halarta. Wata uku bayan nan, a Janairun 2025, Najeriya ta zama ƙasa abokiyar hulɗar ƙungiyar. Duniya ta canza alƙibla. Wanda ya riga zuwa rafi shi ke shan ruwa mai kyau.

Ɗalibin Kazan:
Ranka ya daɗe Alhaji, ina gaisuwa. Shekarata ta biyar ke nan a garin, ina karatun likita, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani, sauran kuma masana su cike.

Taron gaskiya ne. Sunansa KazanForum, tun 2009 ake yin sa, da can da sunan KazanSummit, a 2023 gwamnatin tarayya ta ɗauke shi ya zama nata. A babban filin baje koli na Kazan Expo ake yi, dab da filin jirgin sama, har akwai hanyar da ta haɗa su. Baje kolin halal ɗin ma gaskiya ne. Mu ɗalibai 'yan Afirka kan samu ɗan aikin tafinta a makon, don haka na shiga har sau biyu.

Garin kansa yana da mutum wajen miliyan 1.3, a gaɓar kogin Volga, kimanin kilomita 800 gabas da Mosko. Shi ne babban birnin Jamhuriyar Tatarstan, ɗaya daga cikin yankunan tarayyar Rasha. Amma in gyara wa abokinka magana ɗaya: ba garin Musulmi zalla ba ne kamar Kano. Kusan rabi 'yan ƙabilar Tatar ne, yawancinsu Musulmi, kusan rabi kuma Rashawa ne Kiristoci 'yan Otodoks. Za ka ga mace da hijabi, kusa da ita wata da gajeren siket, kanti ɗaya na sayar da naman halal, na gefensa na sayar da giya. Suna zaune lafiya, kuma suna alfahari da hakan ƙwarai.

Alhaji na Dawanau:
Madalla ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. To su da me suke ci? Ina nufin arzikin garin daga ina yake?

Injiniya Mai Ritaya:
Bari in amsa wannan, Alhaji, don ni tsohon ɗalibin Tarayyar Sobiyet ne. Muna cikin waɗanda aka tura koyon aikin ƙarfe saboda Ajaokuta. A zamaninmu baƙo ba ya shiga Kazan yadda ya ga dama saboda masana'antun soja da ke cikinta, sai daga baya na samu zuwa.

Arzikin Tatarstan ƙafa uku gare shi kamar murhu. Na farko mai. A 1948 aka gano rijiyoyin Romashkino a kudu maso gabashin jamhuriyar, suna cikin mafi girma da aka taɓa samu a ƙasar, kuma zuwa 2007 an riga an haƙo tan biliyan 3 daga ƙasar Tatarstan. Kamfaninsu Tatneft, hedikwatarsa a garin Almetyevsk take, ba a Kazan ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su tsaya ga sayar da ɗanye ba. Sun gina matatar TANECO a Nizhnekamsk, a garin kuma akwai katafaren kamfanin roba da na tayoyi, a Kazan ɗin kanta akwai Kazanorgsintez mai yin ƙwayar leda da ake narkawa a yi bututu da buhu da bokiti. Wato ganga ɗaya sai an tatse ta sau uku kafin ta bar hannunsu. Duk lokacin da na wuce matatar Kaduna na tuna wannan, sai raina ya ɓaci.

Na biyu ƙere-ƙere. Manyan motocin KAMAZ a Naberezhnye Chelny ake yin su tun 1976. A Kazan akwai masana'antar jirage masu saukar ungulu, masu yin samfurin Mi-8 da Mi-17 da sojojin ƙasashen Afirka da dama ke amfani da su, da masana'antar jiragen Tupolev, da tsohuwar masana'antar albarushi da ta haura shekara 200.

Na uku noma da kiwo. Suna cikin na gaba a Rasha wajen madara, ga alkama, ga gwozar da ake yin sukari da ita.

Sai kuma abin da suka ƙara daga baya, wato Innopolis, sabon gari sukutum da suka gina don masu aikin kwamfuta, kimanin kilomita 40 daga Kazan, aka buɗe a 2015 da jami'arsa. Ka ga ba mutanen wasa ba ne. Amma ka lura, Alhaji, duk abin da na lissafa babu wanda ke buƙatar riɗinka. Wannan ita ce tambayar da za ka riƙe.

Ɗan Mai Wurno:
Salam daga Sudan, ko in ce daga inda yaƙi ya jefa mu. Baba Injiniya, riɗi da zoɓo suna da masu saye a Rasha. Zoɓo sun san shi sarai, da sunan da muke kiransa a nan suke kiransa, karkade, suna shan sa kamar shayi, kusan kowane babban kanti akwai shi. Daga Masar da Sudan yawanci yake zuwa musu. Kawuna ya yi shekaru yana tara shi daga Kordofan yana sayar wa 'yan Alƙahira, su kuma su tura gaba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 hanyar ta lalace. Don haka gurbi akwai. Sai dai masu sayen manya ba a Kazan suke zaune ba, kamfanonin shayi da kayan yaji yawanci a Mosko da Sant Fitasbag suke, kaya kuma ta tashar Novorossiysk ko ta Fitasbag suke shiga.

Ɗalibin Kazan:
Haka ne. Karkade har a kantin bakin hostel ɗinmu akwai. Citta kuwa ta Sin ce ta cika kasuwa, ɗanya, manya-manya, ba ta da yajin tamu ta Kachia ko kusa. In na je gida nakan taho da busasshiya, abokaina Tatar har roƙo suke yi lokacin sanyi.

Akanta:
Ina ta karantawa, kuma har yanzu ba wanda ya taɓo inda gizo ke saƙa. Alhaji, a ce ka je, ka samu mai saye, kun yi ciniki, kwantena ta isa. Ta yaya kuɗinka zai dawo Kano?

Shekara 14 ina sashen hada-hadar ƙasashen waje na banki. Tun Maris 2022 Visa da Mastercard suka daina aiki a Rasha, katinka na gida ko ruwan sha ba zai saya maka ba. An cire manyan bankunansu daga tsarin SWIFT, wanda bankunan duniya ke tura wa juna saƙon biyan kuɗi ta cikinsa. Sannan a Disamban 2023 Amurka ta fitar da doka cewa duk bankin wata ƙasa da ya taimaka wa harkar da ta shafi masana'antar yaƙin Rasha shi ma takunkumi zai hau kansa. Daga nan har bankunan Sin da Turkiyya da Dubai suka fara jan ƙafa. Bankinka na Najeriya kuwa dala ɗinsa ta wani banki a Niyok take bi, ba zai sayar da wannan alaƙar saboda kwantena biyu na zoɓo ba.

In yi adalci: abinci da kayan noma ba sa cikin abin da aka haramta, shi ya sa alkamar Rasha da takinta har gobe suna shigowa Afirka. A takarda cinikinka halal ne. Amma ma'aikacin da ke tantance takardu, da ya ga sunan Rasha sai ya ajiye fayil ɗin gefe, tambaya ta bi tambaya, wata biyu kuɗi na rataye. Manyan kamfanoni suna da lauyoyi da rassa a Dubai da ke warware musu. Kai wa kake da shi?

Sabon Zamani:
Wannan ai ita ce farfagandar da ake tsorata mu da ita kullum. Indiya ba ta sayen mansu? Sin ba ta ciniki da su da kuɗinta na yuwan? Kasuwancin Rasha da Sin ya haura dala biliyan 200 a shekara, da takunkumin da komai. Sai mu ne za a ce mu zauna mu jira izinin Amurka?

Akanta:
Ƙanena, ban ce a jira izinin kowa ba. Indiya da Sin gwamnatoci ne da bankunan gwamnati a bayansu. Ka nuna mini bankin da zai karɓi rubul, kuɗin Rasha, ya ba Alhaji naira a Kano, in yi shiru. A taron Kazan ɗin da kake magana an yi ta zancen sabon tsarin biyan kuɗi, amma ba a fito da kuɗin bai-ɗaya ba, kuma mahalarta taron da kansu an shawarce su su zo da tsabar dala ko yuro saboda katunansu ba za su yi aiki ba. Ni dukiyar bawan Allah nake ji, wadda ya tara shekara 19.

Sabon Zamani:
Na ji wannan. Amma dai wani ne zai fara. In kowa ya ce sai hanya ta gyaru, waye zai gyara ta?

Malam na Zaure:
Kafin ku yi nisa, ina da tambaya ga ɗalibinmu. Na ji an ce sun fara bankin Musulunci a can. Gaskiya ne? Domin in ciniki zai kai mutum ga riba, to tun daga nan an gama magana.

Ɗalibin Kazan:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, amma gwaji ne. Daga 1 ga Satumba 2023 doka ta ba da damar gwada shi a yankuna huɗu: Tatarstan, Bashkortostan, Checheniya da Dagestan. Ba sa kiransa bankin Musulunci a dokar, "hada-hadar haɗin gwiwa" suke cewa. Ana sayar da gida da mota ta hanyar murabaha da ijara, bankin Ak Bars na nan Kazan yana cikin masu yi. Sai dai ƙarami ne ƙwarai in aka gwada da sauran harkar banki. Gaskiya mu da muke da bankin Jaiz tun 2012 mun riga su nisa a wannan fannin.

Akanta:
Kuma ku haɗa da wannan: babban bankin Rasha ya kai kuɗin ruwa kashi 21 cikin 100 a Oktoban 2024, ya zauna a haka har tsakiyar 2025 kafin a fara sassautawa. Harajin ribar kamfani ya tashi daga kashi 20 zuwa 25 a farkon 2025. Ga ƙarancin ma'aikata, saboda yaƙi da masana'antun makamai sun kwashe maza. Ma'anarsa shi mai sayen kayanka ma a matse yake, zai nemi ka ba shi bashi na kwana 60 ko 90. Ga wanda zai kafa masana'anta kuwa, ba na musun cewa Tatarstan ta iya tarbar mai jari. Shekara da shekaru tana sahun gaba a jerin yankunan Rasha da suka fi sauƙin zuba jari. Kamfanonin Turkiyya irin su Kastamonu masu katako suna yankin masana'antu na Alabuga, Haier na Sin yana haɗa firji a Naberezhnye Chelny. Ana ba su fili da wuta da rangwamen haraji. Amma kamfanin Ford da ke haɗa motoci a can ya tattara ya fita a 2022, kuma waɗanda suka fita da yawa sai da suka sayar da kadarorinsu da rabin kuɗi ko ƙasa da haka, don dokar da aka kafa ke nan. Shiga da sauƙi, fita ce aiki.

Maman Walida:
Tun ɗazu nake jira wani ya ambaci sunan nan Alabuga. Ku yi haƙuri zan ɗan kauce daga zancen riɗi, amma wallahi abin yana ci mini rai.

Ni malamar makarantar 'yan mata ce. Akwai shirin da ake tallatawa a TikTok da Telegram, wai Alabuga Start, ana neman 'yan mata masu shekara 18 zuwa 22 daga Afirka, a ba su tikitin jirgi kyauta, da masauki, da albashi, da koyon sana'a. A Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da bincike cewa da yawa daga cikin waɗanda suka je sun tsinci kansu a masana'antar haɗa jirage marasa matuƙa da ake kai hari da su Yukren. Sun ambaci 'yan Yuganda da Ruwanda da Kenya da Saliyo da Najeriya. Kuma tun a Afrilun 2024 an kai wa wurin hari, har ginin kwanan ɗalibai ya samu, mutane suka jikkata. A 2025 gwamnatin Afirka ta Kudu sai da ta fito ta gargaɗi 'yan matanta kan masu tallata shirin a intanet.

Wata tsohuwar ɗalibata ta zo mini da murna wani dillali ya ce zai cike mata fom ɗin aiki a Rasha, har ya karɓi kuɗin fasfo a hannun uwarta, bazawara mai sayar da ƙosai. Da na tambaye ta wane aiki, ba ta sani ba. Wane gari, ba ta sani ba. Kwana uku ina zarya gidansu kafin uwar ta yarda ta haƙura da kuɗin. Don haka idan ana yabon yankin nan da masallatai da halal, a riƙa faɗin wannan ɓangaren ma. Iyaye suna jin "garin Musulmi" sai hankalinsu ya kwanta.

Ɗalibin Kazan:
Mama, Allah ya saka miki da alheri. Abin da kika faɗa haka yake. Alabuga tana kusa da garin Yelabuga, wajen kilomita 200 daga Kazan, kuma tana ƙarƙashin takunkumin ƙasashen Yamma. Mu a ƙungiyarmu ta ɗalibai duk wanda ya tambaye mu daga gida amsa ɗaya muke ba shi: in karatu kake so, ka nemi gurbin jami'a ta hanyar da aka sani, takardar gayyata ta fito daga jami'ar da sunanka. Duk takardar da aka miƙo maka da Rashanci ba ka iya karantawa ba, kada ka sa hannu. Maza ma akwai waɗanda aka yaudara da sunan aikin gadi suka ƙare a fagen daga.

Kuma tunda an zo nan, Alhaji, ba zan ɓoye maka ba: yaƙin yana taɓa Kazan. Ranar 21 ga Disamba 2024 jirage marasa matuƙa sun faɗa kan dogayen benaye na zama a cikin gari, ina nan ranar. Filin jirgi kan rufe na wasu awanni in an ji motsi, intanet ɗin waya ma akan yanke. Rayuwa tana tafiya, kasuwa cike, yara na zuwa makaranta, amma ba zan ce maka babu komai ba.

Sabon Zamani:
Mama, a kan wannan ba ni da ja. Ƙanwata ma ta taɓa turo mini tallan. Zan tura mata abin da kika rubuta.

Malam na Zaure:
Allah ya tsare mana zuri'a. Ni kuwa in Allah ya hore mini, zan so in je ƙasar nan ko don tarihi. Mutane da yawa ba su san Musulunci ya riga Kiristanci zama addinin sarauta a wancan yanki ba. A shekarar 922 Miladiyya halifan Bagadaza, Muƙtadir, ya aika tawaga zuwa ga sarkin Bulgar na bakin Volga, a cikinta akwai Ahmad ibn Fadlan wanda ya rubuta labarin tafiyar. Sarkin Kiev, mai mulkin ƙasar Rus ta dā, bai karɓi Kiristanci ba sai 988. Ku duba, wannan fa ƙarni huɗu ke nan kafin Wangarawa su iso Kano zamanin Sarki Yaji.

Kuma a littattafan fiƙihu, in ana maganar ƙasar da shafaƙi ba ya ɓacewa da rani har alfijir ya keto, to Bulgar ake nufi. Malamai sun yi ta saɓani ko sallar isha ta wajaba a kansu a waɗannan darare. Babban malaminsu na Kazan, Shihabuddin Marjani, wanda ya rasu a 1889, littafi guda ya rubuta yana tabbatar da cewa ba ta faɗuwa. Tun ina almajiri nake jin mas'alar nan, ban taɓa zaton zan yi magana da wanda ke zaune a wurin ba. Ɗana, yaya kuke yi?

Ɗalibin Kazan:
Malam, a watan Yuni rana kan faɗi bayan ƙarfe takwas na dare, kafin ƙarfe uku gari ya fara wayewa, sama ba ta yin baƙi sosai. Jadawalin da hukumar muftin Tatarstan ke fitarwa muke bi, ana ƙaddara lokacin. Yayyenmu da suka yi azumi a tsakiyar rani sun ce sun kai awa 19 zuwa sama. Mu mun dace, yanzu azumi ya gangaro lokacin sanyi.

Garin Bulgar ɗin, wanda ake kira Bolgar a yau, yana nan, tafiyar kamar awa uku a mota kudu da Kazan, da rani kuma ana zuwa ta jirgin ruwa. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Akwai kufan tsohon masallaci da hasumiya, da sabon Farin Masallaci, da makarantar koyon addini mai zurfi. Duk shekara wajen ƙarshen Mayu Musulmi kan taru a can tunawa da karɓar Musulunci, a 2022 aka yi bikin cika shekara 1100.

A cikin Kazan kuma abin da kowa ke fara zuwa gani shi ne Kremlin, wato tsohuwar ganuwar fada, ita ma tana jerin UNESCO tun 2000. A 1552 sarkin Mosko Ivan na Huɗu ya ci garin da yaƙi, aka rushe masallatai, limamin babban masallaci mai suna Kul Sharif ya yi shahada tare da almajiransa. Sai a 2005, lokacin bikin cikar garin shekara 1000, aka buɗe sabon masallaci a cikin ganuwar da sunansa, fari da shuɗi, 'yan taku kaɗan daga tsohuwar majami'ar da Ivan ya sa aka gina. Ranar da na fara shiga sai da na yi hawaye, ina tuna an yi fiye da shekara 200 Musulmin garin ba su da izinin gina masallacin dutse, sai da sarauniya Katarina ta zo a 1767 ta yarda. Wanda aka gina a lokacin yana nan a tsohuwar unguwar Tatar bakin tafkin Kaban, shi ake kira masallacin Marjani, can nake Juma'a. A garin nan kuma aka buga Alƙur'ani da injin ɗab'i tun 1803.

Injiniya Mai Ritaya:
Kuma kada a raina kuɗin da baƙi ke kawo musu. Da gangan suka gina wannan kasuwar. Jirgin ƙarƙashin ƙasa a 2005, wasannin jami'o'in duniya a 2013, gasar ninƙaya ta duniya a 2015, sai kofin duniya na 2018. Masu kallon ƙwallo za su tuna a filin Kazan Koriya ta Kudu ta kori Jamus da ci 2, a nan Faransa ta fitar da Ajantina 4 da 3, a nan Beljiyam ta sallami Birazil. Kowane taro sai ya bar musu hanya ko otal ko filin wasa. Yanzu da zuwa Turai ya yi wa Rashawa wuya, su da kansu ne ke cika garin, miliyoyi a shekara, balle da aka buɗe sabuwar babbar hanyar Mosko zuwa Kazan a Disamban 2023. Mu da muke da ganuwa da Kurmi da marinar Ƙofar Mata da hawan Sallah, sai mu tambayi kanmu.

Maman Walida:
To abinci fa? Mutum zai iya ci hankali kwance?

Ɗalibin Kazan:
Sosai Mama, a wannan fannin Kazan ta fi ko'ina sauƙi a manyan biranen Rasha da na sani. Gidajen abincin halal ko'ina, da tambarinsu a ƙofa. Akwai echpochmak, kamar samosa ce babba da nama da dankali a ciki, akwai chak-chak, soyayyen fulawa da zuma, yana tuna mini alkaki. Abu ɗaya: suna cin naman doki, suna busar da shi su yi kazilik, kuma akan miƙa wa baƙo.

Malam na Zaure:
Su Hanafawa ne, kuma fatawar da suke bi ta halatta. Mu a mazhabar Malik mashhurin zance hani ne. Alhaji sai ka ce musu na gode cikin ladabi, ka ɗauki na zumar. Za ka kuma ga ba sa ɗaga hannu a ruku'u, kada ka yi musu inkari a garinsu.

Alhaji na Dawanau:
Kai, Allah ya yi muku albarka baki ɗaya. Na shigo da tambaya ɗaya na samu karatun shekara. Akanta, maganarka ta zauna mini. Ba zan ɗora kwantena a ruwa ba sai na ga ta inda kuɗina zai biyo, kuma ba zan ba da kaya bashi ga wanda ban san ƙofar gidansa ba. Amma zuciyata ta kwanta da in je in gani da idona, da samfur kilo biyu-biyu na riɗi fari da zoɓo da citta, in karɓi katin mutane, in ziyarci Bolgar ɗin da Malam ya kwaɗaita mana. In ciniki ya faɗa daga baya ta hannun wani a Dubai ko Istanbul, falillahil hamdu. Ɗana, me zan tanada?

Ɗan Mai Wurno:
Alhaji, samfurin ka haɗa shi da takardar gwajin ɗakin bincike da ta hukumar duba tsirrai. Hukumar Rasha tana da tsanani kan ƙwaro da danshi, kawuna an taɓa mayar masa da kaya saboda haka.

Ɗalibin Kazan:
Ka fara rajista a shafin taron da wuri, da ita za ka nemi biza a ofishin jakadancinsu na Abuja. Jirgi kai tsaye babu. Mafi sauƙi ta Istanbul ko Dubai ka sauka Kazan, ko ta Alƙahira ko Adis Ababa zuwa Mosko, daga nan jirgin sama awa ɗaya da rabi, ko jirgin ƙasa na dare ka wayi gari a Kazan. Kuɗi tsaba za ka riƙo, dala sababbi marasa lanƙwasa ko tabo, don banki kan ƙi karɓar tsofaffi, in sun haura 10,000 sai ka bayyana a kwastan. Otal ka kama tun watanni kafin lokacin, a makon taron farashi ninkawa yake. Facebook da Instagram a toshe suke tun 2022, WhatsApp da Telegram ma ba abin dogaro ba ne, don haka ka shirya yadda za ka riƙa magana da Hajiya kafin ka taso. Fasfo da takardar rajistar masauki kullum su kasance a aljihunka, 'yan sanda na tambaya. Turanci ba zai kai ka nesa ba, sai da tafinta, ni ko ɗaya daga cikin yaranmu za mu tsaya maka. Ka sa babbar rigarka da hula, suna girmama shigar ƙwarai, amma ka taho da rigar sanyi mai kauri a ciki, don iskar Volga da asuba ko a watan Mayu ba ta da daɗi.

Alhaji na Dawanau:
To madalla. Zan neme ka ta akwatin sirri. Me zan taho maka da shi daga gida?

Ɗalibin Kazan:
Kuka da daddawa, Alhaji, da yaji in da hali. Kilishi kam kada ka wahalar da kanka, a filin jirgi za su karɓe.